Amanar da Mma Mashudatu ta mayar fara tas

Mma Mashudatu yayar mahaifiyata ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa shinkafa da wake na sayarwa a bayan gidanmu a unguwar Kaladan, cikin rumfar kwano mai bango uku, da manyan tukwane biyu a kan murhun duwatsu. Da itace take girki, don gawayi ba ya iya tukunya irin tata. Tun ina ƙarama na san tarinta. Da shi muke gane ta dawo daga kasuwa kafin mu ga fuskarta.

Mahaifinsu, kakanmu Ɗankande, mai masaukin fataken goro ne. Baƙo zai ajiye masa kaya ya wuce Salaga, ya dawo bayan wata shida ya tarar da ƙullinsa yadda ya ɗaure shi. Bai bar mana gona ko shanu ba, wannan sunan ya bari, kuma Mma ce ta fi kowa riƙe shi. In ta ari tukunya ranar suna, sai ta goge ta da toka da yashi har masu ita su yi musun tasu ce.

Shekara uku da suka wuce wata mata ta sauko daga keken haya mai ƙafa uku, wanda muke kira yalo-yalo, a ƙofar gidanmu. Sunanta Millicent, 'yar Kumasi, tana aiki da wasu masu bincike. Ta ce ƙasa na neman hanyar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma kafin a tsara yadda mata za su bar itace su koma gas, sai an auna abin da suke shaƙa. Ta ciro na'ura kamar sabulun wanki, cikin 'yar jaka mai igiya, da siririn bututu da ake maƙalawa a wuyan riga. A cikinta akwai farar takarda, zagayayya kamar kwabo, wadda ke kama hayaƙin.

Abin da ba ta faɗa ba, sai daga baya muka sani, shi ne, cikin mata sittin, ashirin ɗin da takardarsu ta fi baƙi za a ba su tukunyar gas da murhunta, a kuma kai su hoton ƙirji kyauta. An hana ta faɗa, don kada mata su riƙa cusa na'urar cikin wuta.

“Mma, kwana biyu kawai,” in ji ta, da Hausarta ta kasuwa. “Inda ka tafi, shi ma ya tafi.”

“Har bayan gida?”

“Har can, Mma.”

“To, ke da mijinki ma ba ku yi wannan zama ba.”

Millicent ta yi dariya, ta rataya mata. Da za ta fita ta waiwayo ta ce, “Don Allah a kula da shi. Yana da tsada. In ya lalace, aikina ya lalace.”

Mma ta ce, “Kin kawo gidan da ya dace, 'yata.”

Da la'asar na shiga ɗakinta ɗauko faranti, na ji ƙara 'yar siririya a cikin kabad ɗin kwanukan aurenta. Na buɗe. Na'urar ce, naɗe cikin sabon ɗankwali, a cikin kwanon da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Mma tana rumfa, ba a ganin fuskarta sosai don hayaƙi.

Na ce, “Mma, ba cewa aka yi ki sa ba?”

“Hikmatu, ki dubi rufin can,” ta nuna kwanon da ya yi baƙi ƙirin. “Kayan mutane zan kai cikin wannan? Yarinya ta ce aikinta ne.”

Na gama sakandare, na yi darasin kimiyya. Na dubi rufin, na ga gaskiyarta, na mayar da murfin kabad.

Ranar karɓa Mma ta rataya na'urar bayan ta yi wanka. Millicent ta buɗe a gabanmu, takardar fara tas. Ta maƙwabciyarmu Kausara, mai ƙosai, ta fito kamar gindin kasko. Mma ta tafa hannu ta ce, “Kausara, ashe haka kike da aron kaya? Kada ki ƙara zuwa aron turmina.” Millicent ta daɗe tana duban takardar, ta dubi rumfar, ta rubuta wani abu. Gidaje tara na jiranta ranar.

Bayan wata biyar mota ta sauke wa Kausara tukunyar gas. Aka kai ta hoto, aka ba ta magani. Mu ba a kira mu ba. Mma ta ci gaba da girki shekara guda da rabi, har ranar da ta kasa ɗaga muciya. A asibiti likita ya tambaye ni shekara nawa ta yi tana shan taba. Ya ce da an zo da wuri, da akwai abin yi. Bai ce da ta warke ba.

Millicent ta dawo bara, tana raba wa kowace mata sakamakonta. Ta tarar da Mma jingine da filo uku, tana numfashi da baki. Takardar sakamakonmu ta ce gida na talatin da huɗu, iska mai tsabta. A zaure na gaya wa Millicent inda na'urar ta yi kwana biyun. Ta zauna a kan benci. Ta ce rahoton ya riga ya fita, an rufe aikin, lambar Mma na cikin lissafin da aka kai wa gwamnati. Ta ce ita ma ranar ta yi shakka. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Wani babur ya wuce, muka saurare shi har ya yi nisa.

Ta shiga ɗakin Mma yin sallama. Mma ta riƙo hannunta, ta jira numfashi ya zo.

“'Yata, abin nan naki. Ya koma lafiya?”

“Lafiya lau, Mma.”

“Ba su yi miki faɗa ba?”

“Ba su yi ba.”

“To, alhamdu lillahi.”

Ta rasu sati biyu kafin azumi. Takardar sakamakon tana cikin gwangwanin da nake ajiye hotunan gida, a ƙarƙashin hoton Ɗankande. Tukwanen biyu, matar ƙanena Farhana ce ke girki da su yanzu, a rumfar nan.