Hoton da Baba Iro ya turo a madadin takardar inshora

Ina buɗe manhajar da nake kula da shagunan hayar maigidana Alhaji a Gwarzo, sai na ga Baba Iro tela ya turo takardar inshorar gobara. Na ce alhamdulillahi, don Alhaji ya rantse duk wanda ya kai Juma'a bai kawo ba zai bar masa shago.

Na danna. Ashe hoton dattawa huɗu ne, sun sha manyan riguna, sun jeru a ƙofar shagonsa suna dariya.

Na je takanas. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, takarda fa ake so."

Ya ce, "Malam, lokacin ostariti, da ake tsananin tsadar rayuwa, shagona ya ƙone ƙurmus. Waɗannan ne suka kawo kwano da katako suka yi min rufi, na ƙarshen nan ya ba ni kekensa na ɗinki. Takardarka ta taɓa hawa tsani?"

Na yi masa bayanin takaful, inshorar Musulunci, cewa shi ma taimakon juna ne. Ya yarda, da sharaɗin kada in goge hoton.

Takardar ta iso Alhamis, hoton ma yana nan.

Ku fa, in an ce ku turo irin wannan hoton, su wa za ku jera?