Taya Mai Zafi Ba Ta Faɗin Gaskiya

Shekara ashirin da uku Monday mai faci yana zaune a bakin titin Samaru, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, ni kuma sha ɗaya daga ciki ina gasa masara kusa da shi. A Muchia yake kwana, can Sabon Gari. Kullum da safe yakan iso a kan keke, gejin auna iskar taya na leƙowa daga aljihun rigarsa kamar biron malamin makaranta.

Mutum ne mai taurin kai, ni kaina na sha faɗa masa. In direba ya taso daga nesa ya ce a duba masa iska, Monday sai ya ɗora tafin hannu a jikin taya tukuna. Idan ya ji zafi, shi ke nan, sai ka jira ta huce.

"Taya mai zafi ba ta faɗin gaskiya," in ji shi. "Geji zai nuna maka iska ta yi yawa. Ka rage, ka bar ta da yunwa, ta yi ta lanƙwasa ƙarƙashin kaya har ta fashe."

Direbobi suka sa masa suna Likita, don tsiya. Wasu su ja tsaki su tafi wurin wani, shi ko a jikinsa.

'Ya ɗaya gare shi, Hope. Da wannan facin ya kai ta har ta gama karatun nas, kuma ranar da zan ba ku labarinta ita ce ranar da za ta Kaduna ta kama aiki. Martins, wani direban bas ɗan cocinsu, ya ce ba za ta je tasha ba, shi zai ɗauke ta kyauta, a kujerar gaba ma.

Ƙarfe ɗaya na rana ya iso daga hanyar Funtua, kwalta na tiriri. Bas ɗin cike da fasinja, buhunan masara har bakin ƙofar baya. Hope ta shiga da jakarta tana dariya.

"Baba, ɗan duba mini ta bayan nan," in ji Martins.

Monday ya dafa tayar, ya yi saurin janye hannu. Ya sa geji.

"Ka gani? Ta yi yawa," in ji Martins. "Rage mini."

"Bari ta huce, Martins."

"Haba Baba! Ƙarfe uku ake jiran Hope. Ni da na ɗauki 'yarka zan cuce ta?"

Fasinja suka fara gunaguni. Na ga Monday ya dubi ƙasa. Mutumin da ya yi maka alheri a gaban jama'a, da wane baki za ka yi masa gardama? Kunya ce ta kama shi, ba wani abu ba. Ya durƙusa, ya danna bakin bawul ɗin tayar, iska ta yi ta fita. Wallahi ban taɓa jin wannan ƙarar a wurinsa da tsakar rana ba.

Suka tafi. Monday bai koma kan bencinsa ba. Mota biyu suka tsaya ya ce injin ba da iska ba ya aiki, alhali ƙarya ce. Na miƙa masa masara, ya riƙe ta har ta huce. Ya kira Hope sau ɗaya, ta ce sun fita gari lafiya. Ya sake kira, ba a ɗauka ba.

Wajen ƙarfe biyu da rabi wayarsa ta yi ƙara. Lambarta ce, amma muryar wani namiji.

"Kai ne wanda aka rubuta Baba a wayar nan?"

Tayar bayan nan ce ta fashe musu a hanya. Hope ta rayu. Hannun dama ne bai dawo ba, wanda za ta riƙe allura da shi. Yanzu takan zo ta zauna tare da mu, tana karɓar mini kuɗin masara da hagu. In an yi mata jaje sai ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kowa ya ce haka ne. Uban kaɗai ban taɓa jin ya amsa ba.