Munzali da 'Yan A-Bar-Ni

Taubashina Munzali tun yana goye ya fara gaishe da mutane. An ce ranar sunansa sai da ya yi wa wanzami ban gajiya. In ya gamu da kai a hanyar Randagi, zai kashe babur ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi akuyarka da ta yi ɓari bara.

Da ya dawo daga Kaduna da 'yar kwamfutarsa, sai ya buɗe shago kusa da tasha a Birnin Gwari, yana tura wa 'yan birni talla ta imel. Matan ƙungiyar zuma, dillalan masara na Kutemeshi, masu man shanu, duk ta akwatin imel ɗaya tallarsu ke fita. Kamfanin da ya ba shi akwatin ya gindaya masa sharaɗi: duk wanda ya ce a daina turo masa, a sa shi a jerin waɗanda ba a taɓawa. In ƙorafi ya yi yawa kuma, a rufe akwatin, kowa ya rasa. Ni na raɗa wa jerin suna 'Yan A-Bar-Ni.

Na farkon shiga wani Obed ne, mai shago a Kaduna, ya ce tallar zuma ta ishe shi. Munzali ya kasa cin tuwo.

"Jannatu, me na yi wa bawan Allahn nan?"

Na ce, "Ƙila fuskarka ya gani a mafarki."

Sai ya rubuta masa ban haƙuri mai tsawon hanyar Funtuwa. Obed ya danna maɓallin ƙorafi, abin da suke kira sifam. Munzali ya ce lallai fushin ya kai a tura manya. Ya sake aikawa da sunan dillalan masara, wai su shiga tsakani. Sifam. Ya tura masu man shanu. Sifam! Da Sallah ta zo, kaf 'Yan A-Bar-Ni sai da ya yi musu barka da shan ruwa, har sau uku, kowace ƙungiya da tata gaisuwar.

Ana tsakiyar ɗiban zuma a daji, gargaɗin ƙarshe ya iso daga kamfani. Gwaggo Ma'u, shugabar matan zuma, ta faɗo shagon da jarka a kai.

"Kai ɗan nan, mutum ya ce ka bar shi, sai ka tara masa gayya?"

"Gwaggo, ai gaba babu kyau."

"Gabar me? Ka taɓa ganin ƙeyarsa? In aka rufe akwatin nan, kai za ka shanye zumar, har da kakin!"

"To in bar mutum haka, ko ina kwana?"

"Ka gaishe shi da bakinka. Yatsa ne ban yarda ba."

Nan take ta yanke hukunci: wanda zuma kawai ya ƙi, a daina tura masa zuma. Wanda ya kai ƙara kuwa, ko masara ko man shanu kada su sake leƙa shi. Munzali ya gyara jerin yana share ƙwalla kamar mai raka amarya.

Akwatin dai ya tsira, aka saye zuma ƙarƙaf. Yanzu in ka biyo ta tasha da safe, za ka tarar da shi a rusune gaban kwamfuta, hannaye a baya don kada yatsa ya kufce: "Ina kwana, Malam Obed? Ya iyali? Ya kasuwa?"

Ni nake amsa masa ta taga: "A bar ni!"