Gorar Ruwan da Baba Barmo Ya Ajiye

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 6 ga watan Mayu, 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Barmo Maraɗi a wani asibiti da ke Bronx, sakamakon ciwon zuciya da ya kama shi yana shirin fita kasuwa. Washegari aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Musulmi da ke New Jersey. Duk wanda ruwan sama ya taɓa ritsawa da shi a Canal Street ya san shi ko da bai san sunansa ba: dogon dattijon nan mai sayar da lema da safar hannu, mai butar shayi a ƙarƙashin tebur. Ni kuwa Firdaoussi ce, ɗiyar taubashinsa Sulaimanu. A gidansa nake zaune tun ranar da na sauka New York don karatun ilimin ruwa da ƙasa.

Baba Barmo, na zauna in rubuta maka ta'aziyya, sai ga shi dariya tana rigan hawaye fitowa. Ba zan hana ta ba, domin kai ma ba ka taɓa hana ta ba.

Kai ɗan mace ne, mahaifina ɗan namiji, saboda haka tun kuna yara bai taɓa kiran ka da sunanka ba sai "bawana". Kowace Juma'a idan ya bugo waya daga Maraɗi, sai ka buɗe murya duk falo ya ji. Shi ya ce, "Bawana, har yanzu kana tsaye cikin sanyi kana tallan lema?" Kai kuma ka ce, "Ubangidan da bai taɓa hawa jirgi ba, mi ka sani a duniya ban da kasuwar gyaɗa?" Inna Zeinabou, maiɗakinka, takan ce in dai ba ta ji wannan zage-zage ba, to Juma'arta ba ta cika ba. Ni ma da shi na rage kewar gida.

Bara da bazara ne sashenmu na jami'a ya shirya tafiya Alaska, inda za mu taka duwatsu mu hau kogin ƙanƙara, wato daskararren ruwan nan da ke kwance tsakanin tsaunuka yana tafiya a hankali har ido ba ya gani. Aikina na kammala karatu a kansa yake. Da na gaya wa mahaifina, ko ƙarasa bayani bai bari na yi ba. Ya ce lekwal, wato makaranta, ya aiko ni, bai aiko ni hawan dutse ba, kuma ɗiya mace ba ta da abin yi a kan ƙanƙara. Ina riƙe da wayar ina kuka ka miƙo hannu ka karɓa. Ka ce, "Sulaimanu, amana ka ba ni, kuma ni na ce ta tahi. In wani abu ya same ta, a wuyana." Sai na ji mahaifina ya ce, "To, Alhaji Barmo. Na ji."

Wanda ba Bahaushe ba zai ɗauka girmamawa ce. Ni da na ga fuskarka na san marin ka aka yi. Daga ranar wasa ya mutu a tsakaninku. Yana kira duk Juma'a kamar kullum, ya tambayi lafiyar Alhaji, ya tambayi iyali da kasuwa, ya yi sallama cikin ladabi. Kai kuma ka ajiye wayar ka yi ta juya cokali a kofin da babu komai. Saboda ni ka sa zumuncin da kuka gina tun ƙuruciya a kan sikeli, kuma ko sau ɗaya ba ka goranta mini ba.

Maimakon haka, sai ka naɗa kanka mai horar da ni. Kai da ka tashi a ƙasar da ko tudun kirki babu, kai da ba ka san wani hawa ba ban da matakalar jirgin ƙasa, ka ce ka fi kowa sanin dutse. Kullum da safe sai ka ɗora mini buhun shinkafar Inna a baya, ka ce in hau benenmu na Concourse Village da ƙafa har sama. Kai kuwa ka shige lif abinka. In na iso ina haki, sai in tarar da kai zaune a kan kujera kana duba agogo kana girgiza kai, wai a zamaninku da tuni ka je ka dawo. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna yi mini sannu da Turanci. Inna kuma ta ce wallahi in shinkafarta ta zube, kai za ka tsince ta ƙwara-ƙwara.

Guzurin da ka haɗa mini ma abin a ba da labari ne. Ka kwaso safar hannu daga teburinka har da wadda ba ta da 'yar'uwa. Ka ba ni tabarau mai sunan babban kamfani, wanda gilashinsa ɗaya ya faɗi tun muna filin jirgi. Ka ba ni takalman da suka yi mini yawa, ka ce in ninka safa. Sannan ka cusa mini lema, domin a wurinka babu masifar sama da lema ba ta maganinta. Jagorarmu, wata mata mai fuska kamar ba ta taɓa dariya ba, ta zazzage jakata a sansani, ta ɗaga lemar ta dube ni, na dube ta, sai muka fashe tare. Takalman kuwa ta ce ko nan da bakin ƙofa ba zan je da su ba, ta ara mini nata. Abu ɗaya ne daga guzurinka ya ci jarrabawa, shi ne kilishi. Kafin mu sauko daga dutse, ɗaliban da suka fito daga ƙasashe daban-daban duk sun iya faɗin sunansa, suna hawayen yaji suna miƙo hannu.

Tsaraba ɗaya ka roƙe ni. Ka ce, "Ki kawo mini ruwan ƙanƙarar nan. Ina son in ji ko ya yi shayi."

Baba Barmo, na sha ba ka labarin wurin nan, amma zan sake, domin ba ka taɓa gajiya da ji ba. An ɗaura mana ƙarafa masu haƙora a ƙarƙashin takalma, aka jera mu a igiya ɗaya, kowa na sa ƙafa inda na gabansa ya cire. Ƙanƙarar ba fara ba ce kamar yadda muke zato. A cikin tsagoginta shuɗiya ce, irin shuɗin da ban taɓa gani ba ko a karofi. Tana ƙara a ƙarƙashinka kamar tsohuwar ƙofa. Sau ɗaya ƙafata ta zurma har gwiwa, igiya ta riƙe ni, kuma a wannan ɗan lokacin ba kaina na tuna ba, kalmarka na tuna: a wuyana. Da muka kai sama na shimfiɗa rigar ruwa na yi sallah, goshina ya yi sanyi har cikin kai, na ji daɗin da ban san yadda zan kwatanta ba. Ni, ɗiyar Maraɗi, da muke jiran mai ƙanƙara da azumi kamar jiran baƙo, yau ga ni tsaye a kan wadda ba ta da iyaka. A wani ɗan rafi da ke gudu a bisa ƙanƙarar na cika maka gora biyu.

Daga baya Inna ta tona maka asiri. Ta ce kwanakin da wayata ba ta shiga, ka riƙa fita kasuwa da takalmi wari da wari, har aka yi ruwa kana tsaye a gaban tarin lema ba ka buɗe ko ɗaya ba. Amma da na dawo, cewa ka yi ko tuna ni ba ka yi ba.

Gora ta farko a Canal Street aka sha ta. Ka tara maƙwabtan teburinka, ka dafa shayi da ita, ka yi ta ɗaga buta sama har kumfa ya cika kofi, kana sanar da duk mai wucewa cewa ɗiyarka ce ta ɗebo ruwan daga ƙarshen duniya. Sadick, mutumin Kumasi mai sayar da jakunkuna a gefenka, ya kurɓa ya ce, "Alhaji, shayi ne kawai fa, chale, abokina." Ka ce harshen da ya saba da kenke, tuwon masarar garinsu, ba zai gane ba. Shi ne kuma ya nemi ƙari.

Gora ta biyu ka sa a firiza ka ce ta Sulaimanu ce. Domin ko da na dawo lafiya, mahaifina bai sauko ba. Ya yi hamdala, ya yi godiya ga Alhaji, ya ƙi kallon hotunan da na tura masa. Na so in yi masa magana ka hana ni. Ka ce, "Ƙyale shi, zai zo bikin gama karatunki. In na ba shi shayin ruwan nan bai zage ni ba, ki sake mini suna." Haka gorar ta zauna tana cin wurin naman Inna. Da azumi Rukaya, autarka, ta ɗauko ta za ta sa a zoɓo, ka ƙetare falon da gudun da ba mu san kana da shi ba.

Mahaifina ya sami biza, ya sayi tikitin jirgi na farko a rayuwarsa, kai kuma ka sayi sabon ganyen shayi ka ajiye. Sai Allah Ya kira ka kafin ya iso.

Ranar da ya sauka ya zauna a kujerarka, ya yi wa Inna gaisuwa, ya sunkuyar da kai. Falon ya cika da masu ta'aziyya. Inna ta tashi ta ɗauko gorar ta ajiye a gabansa, sannan ta gaya masa ta wane ne da abin da ka ce. Muka zauna muna kallonta tana narkewa. Sadick ya ɗauko butarka ya dafa, ya yi iya ƙoƙarinsa wajen kumfa, ya miƙa wa mahaifina kofin farko. Ya kurɓa. Ya daɗe yana kallon kofin. Sai ya ce, "Bawan banza. Ka sa na ƙetaro teku, sannan ka gudu don kada ka ɗaukar mini jaka."

Inna ce ta fara dariya, hawaye na zuba a mayafinta, sai duk falon ya ɗauka. Mahaifina ya shanye, ya miƙa kofi a ƙara masa, ya juyo gare ni ya ce, "Ina hotunan dutsen nan? Nuna mini abin da bawana ya sa ki." Ya kalle su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan wanda nake sallah a bisa ƙanƙara, ya tsaya, ya share ido, ya ce ka maido amana cikakkiya har da riba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Zeinabou, da 'ya'yanka Hakeem da Rukaya, da 'yan'uwa na Maraɗi, da abokan sana'arka na Canal Street waɗanda har yau suke barin gurbin teburinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Barmo, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka riƙe iyalinsa kamar yadda ya riƙe 'ya'yan mutane, Ka haɗa mu da shi a Aljannar Firdausi. Amin.

Baba Barmo, mahaifina ya ce in gaya maka ya yafe, kai ma ka yafe masa. Amma ya ce ka sani, ko a can kai ne za ka dafa shayin.