Ranar da kalmar sa'a ta tsayar da kwamfutarmu

Shekaru sun tura, na yi aiki wurare da yawa, amma akwai wani yini a garin Katsina da har yanzu yake raina. Ranar da soja suka miƙa mulki aka rantsar da gwamnan farar hula ce, kuma ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, ina aiki a wani shagon buga takardu da ke Ƙofar Marusa. Mai shagon wani Alhaji ne, dattijo mai fara'a, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, abokin mahaifina. Abin da ya bambanta mu da sauran shaguna shi ne muna da kwamfuta ɗaya da ke aika saƙon imel ta layin tarho. Ba irin ta yanzu ba ce mai hotuna. Baƙin allo ne kawai, sai ka rubuta mata umarni ta aikata. Wani injiniya daga Kaduna ya haɗa mana ita, ya shirya wani ɗan fayil da take karantawa duk lokacin da aka kunna ta aka shiga. A cikinsa ne ya rubuta mata inda za ta nemo kayan aikinta, da gajeren umarnin da nake bugawa ta kira layi ta tura saƙo. Ni dai na san fayil ɗin yana nan, amma ban taɓa taɓa shi ba.

Saboda wannan kwamfuta wakilan jaridu suka mai da shagonmu wurin zamansu. Ranar rantsuwa kuwa, ana idar da sallar La'asar suka cika mana wuri, kowa da labarinsa a faifan kwamfuta, kowa yana cewa editansa zai rufe shafi kafin Magariba. Wanda bai tura ba, labarin ranar da aka yi shekaru ana jira zai fito ba da sunansa ba.

Na tura na mutum ɗaya ke nan aka ɗauke wuta. Ban damu ba, mun saba. Aka tada janareta, na kunna kwamfuta, na shiga. Sai na ga wani rubutun Turanci da ban taɓa gani ba. Ma'anarsa wai fayil ya ƙare alhali tana neman abokiyar wata alama ba ta same ta ba, ta kuma nuna lambar layin ƙarshe. Na share, na buga umarnin aika saƙo. Ta ce ba ta san wannan umarni ba. Na sake bugawa a hankali. Ta maimaita. Umarnin da nake bugawa kullum tun da na fara aiki, yau wai ba ta san shi ba.

"Malama, lafiya?" in ji wani dogon ɗan jarida da ke tsaye a kaina. Shi ne babbansu, kuma kowa ya san an taɓa tsare shi zamanin soja saboda rubutunsa.

Na ce, "Lafiya lau, Malam, a ɗan ba ni lokaci."

Ba lafiya ba ce. Na kashe na sake kunnawa, abin bai canja ba. Alhaji ya kira injiniyan a Kaduna, aka ce ya yi tafiya. Wato daga ni sai Allah.

Kafin in ankara maganar ta juya. Wanda na tura labarinsa kafin a ɗauke wuta wani siririn mutum ne, marar yawan magana, da ke wa wata jarida aiki wadda ake ganin ta yi wa soja daɗin baki. Ya ɗan zauna gaban kwamfutar ya gyara rubutunsa kafin in tura. Dogon nan ya juya ya dube shi.

"Kai ne na ƙarshe da ya taɓa ta. Naka ya tafi, namu ya maƙale. Mi ka yi mata?"

"Wallahi ban taɓa komai ba, sai rubutuna," in ji shi.

"Haka kuka saba. Iyayen gidanku sun tafi, amma ku ba ku daina ba."

Wanda bai rayu a wancan zamani ba zai ga kamar abin dariya. Amma mutanen nan sun shekara suna magana ƙasa-ƙasa, suna waiwaye kafin su buɗe baki, kowa yana zargin na kusa da shi yana kai rahoto. Abin da ke cikinsu ne ya sami ƙofa. Wani ya tare bakin shago, wani ya riƙe wuyan rigar mutumin. 'Yan acaɓa da ke fakin a waje suka fara leƙowa, wani yana tambaya ko ɓarawo aka kama. Na san in maganar ta fita titi da wannan suna, ba mai iya mai da ita.

Alhaji ya shiga tsakani yana ba da haƙuri, sannan ya sunkuyo kusa da ni ya ce a hankali, "Ɗiyata, in akwai abin da za ki iya, yi shi yanzu."

Na buɗe fayil ɗin. Na tafi kai tsaye layin ƙarshe, inda ta ce matsalar take. Na karanta shi harafi harafi, ban ga aibu ba. Na duba na samansa, shi ma lafiya. Zufa tana gangaro mini ta cikin mayafi, janareta yana wani irin tari kamar zai mutu, a bayana kuma muryoyi sai ƙara hawa suke. Sai na tuna abin da wani malaminmu ya koya mana: akwai alamar da in ka sa ta a farkon layi, kwamfuta za ta tsallake layin kamar babu shi. Na sa wa rabin fayil na ƙasa, na sa ta sake karantawa. Kukan da take yi na neman abokiyar alama bai tafi ba. Nan na gane wani abu: ashe ɓarnar ba a ƙasa take ba. Na cire, na koma rabin sama. Shiru, ba kuka. Na ci gaba da ragewa, ina rufe wasu layuka ina buɗe wasu, har na matse ta a layi ɗaya can sama.

Layin gaisuwa ne. Injiniya ya sa duk lokacin da aka kunna ta rubuta Barka da zuwa, kalmomin suna tsakanin 'yan waƙafi biyu na sama, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe. Yanzu kuwa an ƙara masa. Na ɗaga murya na karanta, don surutun ya hana kowa ji na: "Barka da zuwa. Allah shi ba mu sa'a."

Sai a lokacin idona ya sauka a kan kalmar sa'a. Waƙafin da ke tsakiyarta, wanda mu muke karantawa a matsayin Hausa, ita ta ɗauke shi a matsayin rufe magana. Na ƙarshen kuma ta ɗauka sabon buɗi ne, ta haɗiye duk sauran fayil ɗin tana neman inda zai rufe, har da umarnin aika saƙo. Tunda kuwa sai an kunna take karanta fayil ɗin, ba mu ga komai ba sai da aka ɗauke wuta.

Na juya, na ga Alhaji ya cire hula ya riƙe.

"Ni na rubuta wannan," in ji shi. "Da safe, kafin ki zo. Yaron nan na Kaduna ya taɓa nuna mani wurin gaisuwar. Na ce yau ranar farin ciki ce, bari in sa mamu addu'a. Ku sakar mashi riga."

Ba wanda ya tilasta shi. Da ya yi shiru, ni ba zan iya fallasa shi ba, kuma da wuya a yarda ba wancan mutumin ba ne.

Na sauya waƙafan waje da masu baki biyu, waɗanda waƙafin sa'a ba zai rufe ba, na bar addu'ar yadda take. Na fita na sake shiga. Ta gaishe mu, ta yi mana fatan sa'a, na buga umarni, sai muka ji kukan layi yana kamawa. Na shiga tura labarai ɗaya bayan ɗaya. An fara kiran Magariba ina tura na ƙarshe. Na mutum ɗaya ya makara, bai fito ba washegari.

Dogon ɗan jaridar ya je ya tsaya gaban wanda ya zarga, ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mani." Mutumin ya dube shi, ya gyara wuyan rigarsa da ya yage, ya ce, "Allah shi yafe mamu." Bai karɓi hannun ba. Ya ɗauki faifansa ya fita, kuma bai sake taka shagonmu ba. Alhaji ya bi shi har gida a Ƙofar Sauri ya ba shi haƙuri, mutumin ya karɓe shi da mutunci, amma bai dawo ba.

Kwamfutar ta gyaru cikin ɗan lokaci, abin da aka yi wa bawan Allah nan kuwa bai gyaru ba. Tun ranar na koyi cewa inda aka fi nuna yatsa ba lallai nan ɓarna ta faro ba. Yau ko a gida aka kawo mini ƙarar wani, ba na yanke hukunci sai na koma farko na bi abin a hankali, domin na ga yadda ake yaga rigar mutum kafin a gama bincike, kuma na ga ban haƙuri ba ya ɗinke ta.