Turawan Iya da Guɗar da Na Yi a Gubaira

Wata bakwai cikina ke da shi da ƙaramar salla ta same mu a unguwar Gubaira, can ƙasar Larabawa, ni kuwa abu ɗaya ke cin raina: in naƙuda ta tashi mijina, baban Hauwa, yana can bakin aiki da motar siminti, ƙofar wa zan buga? Shekara guda ina unguwar, ni da maƙwabtana sallama kawai muke yi ta cikin mayafi.

Abin da ya dinga faɗo mini shi ne Iya, kakata. Da an idar da magariba sai ta hura gawayi, ta jera mana gyaɗa a toka, mu kewaye ta. Labarin da muka fi roƙo ba na Gizo ba ne, na Turawa mata biyu ne da suka zo garinmu yin lambar agana, aikin sa kai, ba wanda ya biya su. Wata guda suna zaune gindin rimi da allurarsu, ba uwar da ta miƙa hannun ɗanta.

"Sai ranar salla," in ji Iya, "kalangu na tashi a bakin kasuwa, suka tuɓe takalma suka faɗa fili. Wayyo rawa! Kamar kaza ta taka garwashi. Har fitsari ya kusa kufce wa Gwaggonku." Sai ta nuna mana tabon damtsenta. "Washegari ni na fara miƙa nawa. Wanda ya yarda ka yi masa dariya, ai ba cutarka ya zo yi ba."

Ranar sallar a Gubaira, bayan la'asar, maza suka jeru a layinmu da takubba da ganguna suna rawarsu ta arda. Mu mata muna leƙe daga saman soron Ummu Saliha, tsohuwar da ke daura da mu. Ina kallo wani dattijo ya jawo baban Hauwa, ya danƙa masa takobi. Ya riƙe shi kamar muciya! Matan suka ɗauki guɗarsu ta harshe. Ni kuwa na toshe hanci da yatsu biyu, na rangaɗa irin tamu.

Soron ya yi tsit. Can Ummu Saliha ta kece da dariya har da hawaye, ta kamo hannuna. "Ya binti, 'yata, sake!" Na sake. Ta toshe nata hancin ta gwada, abin ya fito kamar kukan akuya. Ranar sai da kowace ta gwada.

Da naƙudar ta zo da hantsi, sau ɗaya na bugi bango. Ummu Saliha ce ta riƙe ni har asibiti, ita ta fara yi wa jaririn guɗa, hanci a toshe.

Yanzu na gane Iya ba Turawa take ba mu labari ba, baƙunci take koya mana. Don Allah, in baƙuwa ta shigo taronku ta yi abu a karkace, ku yi dariyarku, amma ku kamo hannunta.