Tafin Hannun Sammani

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Kaura a shekarun da kuɗin man fetur suka ɓalle wa ƙasar nan ya san Sammani direba, ko bai san fuskarsa ba ya san odarsa. Mutum ne da ko kaza zai wuce sai ya danna mata oda, har direbobin tasha suka laƙaba masa Sarkin Oda. Shi dai murmushi yake yi ya bar su da tsiyarsu. Abin da ba su sani ba, yanar ido ce ta fara cinye masa gani, kuma ban da matarsa Rakiya babu mahalukin da ya san da zancen. Ranar da maganar ta fita, ranar aikinsa ya ƙare, kuma da aikin nan yake ciyar da gida guda a Kambarawa, da 'ya'ya da tsohuwarsa.

Ɗan dukawa ne daga cikin gari. Ubansa yakan shafa fata sau ɗaya ya gaya maka ko akuyar ta sha wuya kafin a yanka ta. Sammani ya gaji hannun, bai gaji zaman ba. Tun yana saurayi ya gudu ya bi manyan motoci, ya sha zagi da rana a bayan bodi har ya samu lasin. Daga nan wani Bature injiniya da ya zo aikin ruwa ya ɗauke shi, kuma a gidan Baturen nan na GRA ya haɗu da motar da ta zame masa komai.

'Yar mitsitsiya ce, koriya, kujera biyu, rufin tamfol. Don tsabar kusancinta da ƙasa, in kana zaune a ciki ka miƙa hannu sai ka ɗebo yashi. Yaran gari suka sa mata Takalmin Bature. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, Alhaji Sabi'u, wanda kwangila ta fara yi wa ruwan kuɗi, ya saye ta, aka haɗa masa da direbanta kamar gyara.

To, motar nan ba ta da wani ƙarfin a zo a gani. A miƙaƙƙiyar hanya in babbar mota ta yi zuciya sai ta ba ta wahala. Amma a kwana ba ta da na biyu. Ba ta kwanciya, ba ta jan gindi, inda ka nufa nan take bi kafin ma ka gama nufa. Sitiyarinta ƙarami ne mai tauri, kuma duk abin da taya ta taka sai ya iso tafin hannun mai tuƙi: tsakuwa, faci, yashin da ruwa ya kwaso, har wurin da kwalta ta ƙare ƙasa ta fara. Da aka mayar da tuƙi hannun dama sai abin ya ƙara yi wa Sammani daidai, domin sitiyarinta a dama yake, shi ke nan yana zaune daf da gefen hanya. Sai ya ɗora tayar dama a leɓen kwalta, ya bar ta tana ɗan karkarwa a hannunsa tun daga Ƙofar Kaura har Kano. Tamfol ɗin kuma ba ya tare sauti, yana jin ƙararrawar keke, yana jin kofaton jaki, yana jin babbar mota tun tana nesa. Idon yana ba shi inuwar abubuwa, motar tana cika masa sauran.

Rakiya ta gaji da kuka. An sa tozali, an wanke da ruwan ganye, an sha rubutu, yanar sai ƙara kauri take. Asibiti kuwa ya ce ko kusa, don a Katsina in ka shiga ɗakin likitan ido da safe, kafin azahar labari ya riga ka isa tasha.

Shi kuwa Alhaji Sabi'u motar ta fara ba shi kunya. A shekarun nan kowa so yake nasa ya fi na kowa girma, gida da riga da tumbi. Ga mutum da babbar riga ta sha aiki, sai ya naɗe kamar tabarma kafin ya shiga, in an isa kuma sai an kamo hannunsa an fisgo shi. Abokansa 'yan kwangila suka sa shi gaba, wai ina aka taɓa ganin mai gida kafaɗa da kafaɗa da direbansa, sai ka ce abokan ango. Rannan ya yi fushi ya aika Legas.

Abin da ya iso mota ce baƙa wuluk, ƙirar Amurka, ƙofa biyu, bonet ɗinta kaɗai ya kusa tsawon Takalmin Bature. Da aka tayar da ita gilasan tagogin gidan suka ɗauki rawa. Babaji makanike, abokin Sammani tun suna yaran mota, ya buɗe bonet ya riƙe baki.

"Sammani, zo ka ga ikon Allah! Fulogi takwas! Wagga in ka taka ta, kahin Alhaji shi gama hamma kun kai Kankiya. Babu kuloci, babu canjin giya, ita ka yi ma kanta komi. Kai dai ka huta."

"To, a kwana hwa?" in ji Sammani.

"Kwana nawa ce tsakanin nan da Kano? Kai dai tsohon son ka da waccan 'yar kwalbar ne."

Sammani ya shiga ya zauna. Kujerar ta haɗiye shi. Sitiyarin a hagu yake, gefen hanya ya koma can nesa, bayan faɗin mota guda. Ya sa ɗan yatsa ɗaya ya juya sitiyarin, ya juyu sumul kamar ba a haɗa shi da komai ba. Ya zaga da ita cikin GRA, da gangan ya bi ta kan wani rami da ya sani shekara da shekaru a gaban gidan alƙali. Motar ta ɗan yi lilo ta wuce, hannunsa bai ji komai ba. Ya sake zagowa ya taka ramin, nan ma shiru.

Ya koma gida ya kasa cin tuwo. Rakiya ta dube shi ta gane.

"Malam, don girman Allah ka hwaɗa mashi."

"In hwaɗa mashi mi? In ce ranka shi daɗe, makaho ka tuƙa ka tun bara waccan?"

"Ka hwaɗa mashi haka nan. In ya kore ka, ni na iya ƙuli-ƙuli, ba mu mutuwa da yunwa."

"Bari mu je Kano mu dawo, Rakiya. Hanyar nan ko barci nake na san ta."

Ya dai gwada, don kada a ce bai gwada ba. Da safiyar Litinin, yana goge gilashi, ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, da mun tahi da ƙaramar yau. Wagga ba ta saba da hannuna ba tukuna." Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce tsufa ne ya fara kama Sammani, ya ture kujerar gaba ya kutsa baya da ƙyar ya baje. A ranar ya zama mai gida sosai. Ya sa aka ɗage gilasai aka kunna sanyi, duniya ta yi tsit, babu abin da ke shigowa kunne sai gurnanin injin.

Suka fita ta Ƙofar Kaura. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi kai, gefen hanya duk kore ne da ya cakuɗe wa Sammani wuri guda. Da suka bar gari hanya ta miƙe, Alhaji ya ce, "Taka ta mana, mu ga abin da muka saya."

Ya taka. Gaskiya ɗaya ce, ko shi bai taɓa musunta ta ba daga baya: daɗi ya ji. Motar ta ɗaga hanci ta manna shi da kujera, ƙarfin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ya wuce duk abin da ya taɓa riƙewa a rayuwarsa. Wata babbar mota da Takalmin Bature za ta yi ta bin bayanta tana shan hayaƙi, wannan ta wuce ta kamar tana tsaye. Na ɗan lokaci ya manta da idonsa, har ya ji kansa saurayi.

Sai kwanar da ke gab da Caranci ta taso. Ya san tana nan, amma da ƙaramar motar ya san ta, ita kuwa wannan ta kawo shi wurin tun kafin ya shirya. Ya sassauta, ya karya sitiyari kamar yadda ya saba. Motar ta kwanta gefe guda, nauyin hancinta yana son ya miƙe, gindinta ya fara zamewa a kan yashin da ruwa ya zubo. Ya nemi leɓen kwalta da tayar dama. Ya jira karkarwar nan ta zo hannunsa. Ba ta zo ba. Ya ƙara matsawa dama yana lalube, yana danna oda, alhali tuni tayoyin sun bar kwalta suna gudu a kan ƙasa.

"Innalillahi! Sammani, ka kaɗe mutum! Tsaya! Tsaya!"

Daga bakin Alhaji ya ji. Wannan shi ne abin da ya ci shi har ƙarshen ransa: ya buge ɗan Adam da mota, hannunsa bai gaya masa ba. Da ya fito, gashin zabi ne ke ta sauka a kan baƙin bonet. Can cikin ciyawa ga keke a lanƙwashe, ga kejin kara a fashe, ga wani magidanci yana salati. Sunansa Ado, daga ƙauyensu ya taso zai kai zabi kasuwa, kuma ya ma sauka daga kwalta tun da ya hango su, don ya ba su hanya.

A bayan Bajimin, sunan da 'yan tasha suka riga suka sa wa baƙar motar, aka kwantar da shi, Alhaji ya dawo gaba kafaɗa da kafaɗa da direbansa, suka juyo Katsina a hankali. Ƙugun Ado ya karye. Likita ya ce zai rayu, amma shi da keke sai dai kallo.

Bayan kwana biyu suka je duba shi. Alhaji ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce duk abin da ake bukata yana wuyansa. Sammani yana tsaye a ƙarshen gado. Ado ya juyo da kai, ba da faɗa ba, shi dai abin ne ya ɗaure masa kai.

"Malam direba, ni hwa na kauce. Har cikin ciyawa na shiga. Ba ka gan ni ba?"

Da Sammani ya ce yashi ne, da an yarda. Da ya ce sabuwar mota ce, Alhaji da kansa zai shaida. Sammani ya ji maganar ta fito ba tare da ya aike ta ba.

"Ban gan ka ba, bawan Allah. Ko yanzu da nake tsaye nan, ba ni ganin huskarka."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a hankali, "Tun yaushe?"

"An daɗe, ranka shi daɗe."

Alhaji Sabi'u bai zage shi ba, da ma ya zage shin da ya fi sauƙi. Hannu kawai ya miƙa, Sammani ya sa masa makulli. Kafin la'asar labari ya gama tasha, waɗanda suke kiransa Sarkin Oda suka yi jugum, kowa na tuna sau nawa ya tsallaka titi a gabansa. Da ya je asibitin idon daga baya, aka duba aka ce ba yanar kaɗai ba ce, jijiyar ma ta riga ta tafi, da ya zo da wuri da wani zancen ake yi.

Takalmin Bature kuwa ta yi ta zama a garejin Alhaji babu mai taya ta, don a lokacin ba mai son ƙaramin abu. Wata rana sai ga Babaji ya jawo ta da igiya har ƙofar gidan Sammani a Kambarawa, ya ce Alhaji ya ce a ba shi, tasa ce. Ko tausayi ne, ko neman wuri ne a gareji, Allah masani. Aka jingine ta a gindin bishiyar bedi. Rakiya ta kafa kaskon ƙuli-ƙuli a zaure. Tayoyin suka sace, tamfol ya yage, kaji suka samu wurin ƙwai a bayan kujera.

Kullum da hantsi Sammani yakan lalubo bango ya fito, ya buɗe ƙofar ya zauna, ya ɗora hannu biyu a sitiyari. Maƙwabta tun suna leƙe har suka daina. In ka matsa kusa za ka ji yana magana ƙasa-ƙasa, yana fita ta Ƙofar Kaura, yana kauce wa ramin gaban gidan mai, yana sa giya ta uku, yana kiran kowane faci da kowace gada a inda suke, bai taɓa kuskure ba. Sai ya yi ta tafiya har ya iso wani wuri. Daga nan sai ya yi shiru, ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya.

Rakiya takan bar kasko ta fito ta kama shi. Sau ɗaya ta taɓa tambayarsa, "Malam, yau ina aka kai?"

"Kwanar Caranci," ya ce.

Ba ta sake tambaya ba. Ya rayu shekaru bayan haka, har jikoki suka yi wasa a cikin motar, amma har Allah ya karɓi ransa bai taɓa wuce kwanar nan ba.